Matar Yaya Ba Ta Amsa Ba

Ƙanin mijina ya taɓa zuwa dubiya aka koro shi da takalmi. Telan bakin layinsu ne zazzaɓi ya kwantar, shi kuma ya sayi lemo a leda ya tafi gaishe shi kamar mutumin kirki. Ya zauna a bakin gado ya ce yaya jiki. Tela ya ce da sauƙi.

"Da sauƙi ta ina?" in ji ƙanin mijina.

Tela ya buɗe ido ɗaya. "Na ce maka da sauƙi."

"Na ji ka faɗa. Jiya ma haka ka faɗa wa matata, ga shi yau ko zama ba ka iya yi. Ka ci abinci? Ya zauna? Kana zuwa banɗaki da ƙafarka?"

"Kai likita ne?"

"A'a. Amma da sauƙi ba bayani ba ne. Wanda zai cika anjima ma da sauƙi yake cewa."

Matar tela da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Tela kuwa, mutumin da aka ce ko cokali sai an ɗaga masa, ya yaye bargo ya diro, ya zari takalmi, ya bi shi har tsakar gida, har waje, yana cewa, "Tsaya in nuna maka sauƙin." Ƙanin mijina ya tsallake kwata ya bar hularsa a can. Da yamma ya zo wurina wai in ba shi gaskiya. Na ce ba ka da ita. Mutum ya ce da sauƙi, ka ƙaryata shi, ya tashi ya kore ka a guje, to wa ya ci gardama? Ya ce shi dai ya samu amsar da ya je nema. Na ce ka kuma rasa hula.

Daga ranar sunan Ka-tabbata ya manne masa, don ita ce kalmar da ba ta barin bakinsa. Ka ce masa ka kwana lafiya, ya ce ka tabbata? Ka ce masa an kulle ƙofa, ya tashi ya je ya girgiza ta. Abin dariyar shi ne, wannan mutumin da ba ya karɓar lafiya lau daga bakin kowa, shi ne ya daɗe yana ɓoye mana cewa idonsa na mutuwa. Aikinsa kuwa ba komai ba ne illa kallo. Ranar da ido ya ƙare, kujerarsa ta ƙare, kuma ya san haka fiye da kowa.

Ba haka aka haife shi ba. Lokacin da na shigo gidansu yana ɗan ƙaramin abu, majina har leɓe, wando a hannu. Uwarsu ba ta daɗe ba bayan zuwana, ni na ƙarasa rainonsa, shi ya sa har yau da furfurarsa Matar Yaya yake ce mini, ni kuma in ce masa duk abin da ya zo bakina. Yaro ne mai yarda da komai. Wani ya ce masa akwai ƙananan mutane a cikin rediyo, sai ga shi da wuƙar kicin ya farke rediyon yayansa yana neman su don ya ba su ruwa. Yayan ya dawo zai ci ubansa, na ce bari, tunda ya iya buɗewa a sa shi ya rufe. Ya kuwa rufe, rediyo ya ci gaba da magana, har da wata tasha da ba mu taɓa ji ba. Daga nan ba a sake ajiye abu mai waya a gidan ya kwana a rufe ba. Ya yi makaranta, ya yi gyaran wayoyi a wani shago, ya koma wani ofis yana jan kebul a silin, daga ƙarshe ya samu aikin da yake kai har yanzu.

In ka tambayi dangi aikin me yake yi, kowa da amsarsa. Wasu su ce gadi, don an ji ya ce yana tsaron wasu injina. Wasu su ce a ɗakin ajiye gawa yake, don ko rana na narka kwalta shi da rigar sanyi yake fita. Ni kaɗai na taɓa shiga na gani da idona, ranar da na je ganin likitan ƙafa kusa da ofishinsu ruwa ya tare ni.

Ɗaki biyu ne. Na waje yana da tebur, kujera biyu, butar shayi mai wuta, da wani ƙaton allo a bango cike da ɗigo-ɗigon fitilu. A aljihun teburinsa na ga safa har ƙafa nawa, da man zafi. Na ciki kuwa sai an goga kati ƙofa ta buɗe. Sanyi ya mare ni a fuska, ga wani gurnani da ba ya tsayawa, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. Dogayen akwatunan ƙarfe ne a jere masu ƙofar raga, wayoyi shuɗɗa an ɗaure su dami-dami a baya, an fi gyara su a kan gashin matarsa.

Ya nuna mini uku daga ciki. "Waɗannan su ne nawa. Saba ake ce musu."

Na ce da wa suka saba?

Bai yi dariya ba, ba ya dariya a wannan ɗakin. Ya ce manyan kwamfutoci ne, kuma duk sakamakon gwajin jini da fitsari na wasu asibitoci a cikinsu yake kwana. Likita ya danna a can, nan ne ake amsa masa. Ya raɗa musu suna da kansa: Babba, Na-tsakiya, da Auta. Babba ne ke aiki. Sauran biyun suna kwafar duk abin da ya yi, suna jira.

"Jiran me?"

"Ya faɗi."

Na ce to ai gidanmu ne ka kwaso ka zuba a akwati.

Ya ce kowane ƙiftawar ido suna tambayar juna, kana nan? Ina nan. Kana nan? Ina nan. Ba dare ba rana. In Babba ya yi shiru, sauran biyun su haɗa baki su ce ya tafi, ɗaya ya hau kujerarsa, likitan da ke can ko sani ba zai yi ba. Na ce me ya sa sai uku, biyu ba su isa ba? Ya ce in biyu ne, wayar da ke tsakaninsu ta tsinke, kowanne zai ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, kowanne ya ce shi ne mai gida, su yi ta rubuta abu daban-daban, jinin wannan a sunan wancan. In uku ne kuwa, duk inda biyu suka tsaya nan ce gaskiya. Wanda aka bari shi kaɗai kuma sai su yanke masa wuta gaba ɗaya.

"Ko da da ransa?"

"Musamman in da ransa. Mai rai da ba ya amsawa ya fi matacce ɓarna."

Na ce Allah ya sa 'ya'yana kada su ji wannan karatun.

Allon bangon nan shi ne abin da yake kallo tun safe har a tashi. Kowane ɗigo aiki ɗaya ne a kan inji ɗaya. Kore lafiya, rawaya da magana, ja kuwa a ajiye shayi. Na zauna ina kallonsa yana kallon allo, na ce yanzu kai wannan ake biyanka ka yi? Tsohon da ke zama a ƙofar gidanmu ma haka yake yi da titi, kyauta.

A nan ya ba ni labarin abin da ya mayar da shi Ka-tabbata. Wata safiya ce, tun yana sabon zuwa. Allo kore shar. Waya ta yi ƙara, wata nas ta ce sakamako ba ya fitowa. Ya dubi allo ya ce mata lafiya lau, daga wurinku ne. Wata ta kira daga wani asibitin, ya ce lafiya lau. Ta ukun ta ce masa, "To taso ka zo ka faɗa wa layin nan lafiya lau, akwai mai ciki a gaba, ita za ta amsa maka." Ashe Babba ya sandare. Ana tambayarsa kana nan, yana cewa ina nan, amma ko tsinke ba ya ɗagawa, kamar ma'aikacin da ya zo ofis ya rataye rigarsa a kujera ya rufe taga. 'Yan'uwansa kuma tunda yana amsa gaisuwa ba wanda ya taɓa masa kujera. Ya ce a ranar ya gane gaisuwa ba ta nuna komai. In kana son sanin lafiyar abu, ba shi aiki.

Sai ya ƙirƙiro majiyyaci na ƙarya. Ba mutum ba, suna ne kawai a cikin inji. Kowane ɗan lokaci wannan majiyyaci zai je wurin Babba ya yi rajista, ya nemi sakamakonsa, ya tsaya sai an ba shi, ya wuce wurin Na-tsakiya, ya wuce wurin Auta, ya dawo ya sake. Duk wanda ya ɓata masa lokaci, allo ya yi ja, saƙo ya tafi wayar Ka-tabbata.

Na ce dabara ta yi. Me sunan bawan Allahn?

Ya fara gyara kofin shayi a kan tebur. Abokiyar aikinsa, wata doguwa mai tabarau da ke ɗaya kujerar, ta kifa kai a kan hannunta kafaɗunta na rawa. Na matsa kusa da allo. Ban yi zurfi a boko ba amma ina gane sunana in na gan shi. Ga shi nan a jere sau uku, kore, kore, kore: Matar Yaya.

"Na nemi wanda ba ya gajiya da tambaya ne," in ji shi, "wanda kuma ba a isa a ce masa ya dawo gobe ba."

"Wane ciwo ka rubuta mini?"

Doguwar ta ɗago da hawaye a ido. "Yawan magana, Mama."

Na yi niyyar fushi. Amma da na lissafa cewa likitoci da nas-nas na gari guda suna cin abinci a kan wuyana ba su sani ba, sai na ga ai girma ne. Na ce a bar ni, sai dai a daina tura ni cikin sanyin nan ba mayafi.

To, idon. Matarsa ce ta fara kawo mini ƙara, wai ya zuba shayi a gefen kofi yana ta hira bai sani ba. Wata rana ya yi wa rigar da aka shanya a igiya sallama, har ya tambaye ta mutanen gida. Ya ce talabijin ɗinsu ya koɗe a sayo wani. Ni kuma na lura in zai gane mutum sai mutumin ya yi magana tukuna. Na ce masa kai, me ke damun idonka?

"Lafiya lau."

Na ce ka tabbata? Ya ce kada in yi masa wasa da sana'a.

Yanar ido ce ta rufe masa ido biyun, irin wadda ake cirewa a sallame ka ka kwana a gidanka. Amma Ka-tabbata tsoro biyu ke cinsa. Na farko wuƙa, don mutumin da ya farke rediyo ya san ba duk abin da aka buɗe ke rufuwa daidai ba. Na biyu ya fi girma. Akwai wani dattijo a ofishinsu da hannunsa ya fara rawa, aka yi masa godiya aka mayar da shi wani ɗaki can ƙarshen baranda, wai sashen ba da shawara, inda ba mai zuwa neman shawarar sai ƙadangare. Ka-tabbata ya ga ranar da aka ji mai kallon allo ba ya bambance kore da rawaya, kujerar da ke kusa da dattijon tasa ce. Don haka ya yi dabara. Ya saita wayarsa ta riƙa karanta masa saƙon injinan da babbar murya, muryar wata mata mai magana ta hanci. Kalmomin kuma shi ya rubuta su tun da can, yadda shi zai gane.

Wata ranar hutu da hantsi ya tafi aski ya manta wayar a kan firji. Matarsa na yanka albasa sai ta ji mace ta yi magana a bayanta.

"Matar Yaya ba ta amsa ba."

Ta juya da wuƙa a hannu. Ba kowa.

"An yi ƙoƙarin farfaɗo da ita. Ba ta farfaɗo ba."

Wuƙa ta faɗi.

"An miƙa komai ga Auta."

Babba ne ya sake sandarewa a can ofis, aiki ya koma kan Auta sumul, ba majiyyacin da ya jira ko na minti. Amma matar Ka-tabbata ba ta san da wata Matar Yaya ba sai ni, ba ta san wata Auta ba sai 'yata ta ƙarshe. Ta zari wayar da mayafi ta fito tana kuka tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. Suka iso gidana suka tarar da ɗakina a kulle, sai aka ce ai tana asibiti, a jira a kawo ta. Aka shimfiɗa tabarmi. Maƙwabta suka kawo kujeru. Babban ɗana ya iso yana share ido, amma an ce tambayarsa ta farko ita ce wa ya ce a miƙa komai ga Auta alhali yana raye. Auta kuma tana birgima tana rantsuwa ita ba a miƙa mata ko tsintsiya ba.

Ni ina bayan layi ana yi mini kitso. An yi rabi mai kitson ta ce man ya ƙare, na ce bari in ɗauko nawa. Na yafa ɗankwali a kan rabin kai na taho. Tun daga nesa na ga takalma a ƙofar gida, na ce wa kuma ya mutu ba a faɗa mini ba. Ina sa ƙafa a tsakar gida, wayar nan da ke cinyar matar Ka-tabbata ta gyara murya.

"Matar Yaya ta dawo."

Ban taɓa sanin matan layinmu na da gudu haka ba. Wata mai ciwon gwiwa da ake kamawa a tayar ta riga kowa kai wa ƙofa. Babban ɗana ya tsaya yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Na ce ku zauna, wanda ya kawo sukari kuma kada ya koma da shi.

Ana cikin mayar da numfashi, ana tambayar waya wa ya aiko ta, sai ga Ka-tabbata. A hanya wani ya tare shi ya yi masa gaisuwar rashi. Mutumin da ko ranar mako ka faɗa masa sai ya duba kalanda, wannan karon bai tambayi komai ba, ya kwaso a guje da gashin aski a wuya. Ya shigo ya zube a kan tabarma, gwiwarsa na taɓa tawa. Rana tsaka, ba inuwa, ba labule. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Baiwar Allah, yaushe abin ya faru?"

Matarsa za ta yi magana na ɗaga mata hannu.

Ya fashe da kuka kamar yaron nan mai majina. "Ita ta raine ni. Ita ta hana Yaya ya karya ni a kan rediyo. Ko abinci ya ƙare sai ta ce ta ƙoshi ta tura mini nata. Bakinta ne kawai, bakin nan, Allah ya yafe mata, ko kare ba ya wucewa ta ƙofar gidan nan bai ji aibinsa ba."

Na ce, "Ci gaba, ina ji."

Ya daskare. Ya miƙo hannu ya shafa fuskata, ya shafa rabin kitson. Yanzu kowa a tsakar gida ya ga abin da na gani. Dariyar da ta taso mini ta koma ciki.

Da aka watse muka rage mu uku a ɗakina, ni da shi da matarsa. Na ce gobe sai asibitin ido. Ya ce ba inda za shi, hazo-hazo ne kawai, gajiya ce. Matarsa ta ce gajiya ce ta sa ka yi wa mai rai ta'aziyyar kanta? Ya ce in ya tafi wa zai kalli allo. Na ce allon da ba ka gani? Ya ce yana ji da kunne. Na ce mun ga aikin kunnen yau, ga tabarmi can ba a naɗe ba.

Sai ya faɗi gaskiyar, murya ƙasa-ƙasa. "In suka sani za su kai ni ƙarshen baranda, Matar Yaya. Ba ni da wani abu sai ɗakin nan."

Na ce na ji. Amma mu nawa ne a nan? Ya ce uku. Na ce ni na ce asibiti. Matarsa ta ce asibiti. Na ce to kai ka koya mini abin da ake yi wa wanda aka bari shi kaɗai. Matarsa ta zare katin ofis daga aljihunsa, ni na zauna a kan wayar. Ya ce wannan zalunci ne, dokar inji ce ba ta mutane ba. Na ce da ka sa ni a inji ka nemi izinina?

Da safe na sa aka kira mini doguwar abokiyar aikinsa, na sa a lasifika don ya ji da kunnen da yake taƙama da shi. Na fara kewaye-kewaye, wai ko za a ba shi hutu saboda wani ɗan uzuri na gida.

Ta ce, "Mama, idon ne? Alhamdu lillahi. Mun gaji."

Ashe kowa ya sani, har mai shara. Ita ce ke ƙara girman rubutun allon kaɗan-kaɗan in ya fita salla, har ya kai ana karanta shi daga wurin ajiye motoci. Ita ce ke cewa, "Oga, dubi wancan ya yi rawaya," kamar hira take yi. Shugabansu ya daɗe da sa hannu a takardar hutun, an rasa mai ƙarfin halin miƙa masa. Kujerarsa kuwa, ta ce, ba mai so, sanyin esi a kanta yake sauka.

Ka-tabbata ya fi jin haushin wannan a kan komai. "Kullum ina tambayarku akwai matsala, kuna ce mini babu."

"Oga, mu ma kullum muna tambayarka."

Ya juya fuska bango, mu kuma muka tattara shi sai asibiti.

Ranar aikin idon ya bar wasiyya kala-kala, yawancinta a kan Na-tsakiya, wai yana da zafin jiki a riƙa duba fankarsa. Ya riƙe hannun matarsa har ƙofar tiyata, ya tambayi likita ko ya taɓa yin irin wannan, likita ya ce yau zai fara, nas ta ce wasa yake yi, Ka-tabbata ya nemi sauka daga gadon aka danne shi. Kafin mu gama shan lemon da muka saya a bakin get an turo shi da bandeji a ido ɗaya, yana cewa a gaya masa in za a fara.

Washegari muka koma a buɗe. A nan rigima ta tashi tsakanina da matarsa a kan wa zai tsaya a gabansa. Ta ce ita ce matarsa, ita ya kamata ya fara gani. Na ce kafin a san za a haife ki nake wanke masa ido da safe, matsa. Ta ce ita ta yi jinyar. Na ce ni na mutu a kan aikin nan. Likita ya ce mu yi a hankali akwai marasa lafiya. Na sa gwiwar hannu na gyara mata tsayuwa, na daidaita ɗankwali, na tsaya.

Aka ɗaye bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Likita ya nuna masa allon haruffa a bango ta saman kafaɗata, ya karanto su tun daga manya har ƙananan da ni ko alamarsu ban gani ba, ya ƙara da cewa akwai ƙura a kan firam ɗin. Likita ya ce in ido na biyu ya bi sahu, zai koma aikinsa ya fi da. Matarsa ta fara hamdala tana share fuska.

Sannan ya sauke ido a kaina. Ya daɗe yana kallo.

Na ce, "To, yi godiya. Ba don ni ba da yanzu kana can kana gaida shanya."

Ya ce ai likita ne ya yi aikin. Na ce likita ya je gidanka ya ɗauko ka? Ya ce matarsa ce ta kawo shi. Na ce wa ya ba ta ƙarfin gwiwa? Kai dai faɗi gaskiya, ka buɗe ido ka ga alheri tsaye a gabanka, ga kitso sabo, ga fuska kamar ta jiya, ba kowa ke samun irin wannan a ganin farko ba. Na juya wurin likita da nas na ce su shaida, ko a cikin dangi shi ne kullum ke faɗa wa mutane ban canza ba.

Ya gyara zama, ya sake dubana tun daga goshi har haɓa.

"Haka ne, Matar Yaya, na sha faɗa, har rantsuwa na yi wa mutane cewa ba ki tsufa ba. Likita, ashe duk yanar ce."